Kyamarar Ɗakin Inna Ba Ta Ɗaukar Murya

Kaoje,
Ƙaramar Hukumar Bagudo,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Zayyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ya da ƙane, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Safina da yara. Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta, mu kuma idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya ja baya daga fadama, an yanke abin da ambaliya ta rage mana na shinkafa, ba yabo ba fallasa. Ƙafar Kawu Ɗanmaliki ta yi sauƙi, har yana dogara sanda zuwa masallaci. Ɗiyata Amatullahi ta koma makaranta. Dela maƙwabciyarmu ta sauka lafiya, an sami mace, an kuma mayar da sunan Inna. Na so a ce kana nan ranar suna, ko da yake na san aiki bai bar ka ka zo jana'iza ba, balle suna.

Dalilin rubuto maka shi ne, Attahiru ɗan Kawu ya same ni da maganarka. Ya ce ba ka barinsa ya huta da kira. Ya ce kana ta maimaita kallon hoton da kyamarar ɗakin Inna ta ɗauka ranar da ta rasu, inda ka gan ta riƙe da wayata a bakinta tana magana, amma ba ka jin abin da take faɗa, saboda kyamarar taka ba ta ɗaukar murya. Ya ce ka gane da kai take, kana son ka sani ko ta yafe maka, ko ta sa maka albarka, har kuka kake yi masa a waya kamar ƙaramin yaro. Na ga kiran da kake yi mini ni ma, ganin dama ne ban yi ba shi ya sa ban ɗauka ba. Zan ba ka amsa a nan, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni daga farko, don na lura kai abin da ya shige bayanka ba ka cika tuna shi ba.

Ka san gidanmu a kwari yake. Waya ko dai ta rasa sabis gaba ɗaya, ko ta kamo na Benin ya cinye wa mutum kati ba gaira ba dalili, sai an hau tudun bayan firamare kafin a yi kira. Da ka zo mana da rautar nan, akwatin wayfai mai ƙahoni da Inna ta raɗa wa suna ɗan akuya, ka kafa dogon ƙarfe ya fi mangwaron tsakar gida tsawo, ka haɗa mata sola, wallahi na yi murna, na kuma yi alfahari da kai. Na ce ga amfanin karatun da muka turara shinkafa muka sayar aka yi maka. Ka tsaya gaban Inna ka ce daga yau babu sauran nisa tsakaninku. Ashe nufinka ba sai ka sake takowa ba, don tun daga wannan zuwan ƙafarka ba ta ƙara taka Kaoje ba.

Duk da haka abin ya yi wa Inna rana, ta inda ba ka yi zato ba. Ƙafafunta sun daina kai ta ko'ina, sai ga duniya ta biyo ta har gida. Duk wanda ya shigo ya ce yana son lambar sirri, sai ta ce a ba shi, ai iska ce, ba a rowar iska. Matan da mazansu suka tafi cin rani suna zuwa jin saƙo. Masunta suna tsayawa a zaure su tambayi farashin banda a Yawuri. Har Dandawan da ke tsallakowa daga wajen Segbana ta ƙasar Benin sayen shinkafa a hannuna, sai sun zauna sun gaisa da gida kafin su ɗauki kaya. Inna kuwa tana kan tabarmarta gindin mangwaro da ɗan goronta, wannan ta karanta mata saƙon miji, waccan ta nuna mata hoton jika, ita kuma tana raba musu shawarar da ba wanda ya tambaye ta. Tun rasuwar Baba ban ga tana dariya har da hawaye ba sai a wannan lokacin.

Sai ka duba daga can ka ga wayoyin da ba ka sani ba sun cika rautarka. Ka kira kana faɗa, ka ce ba haka ake yi ba, ka ce duk wanda ya hau zai iya leƙa abin da ke wayoyinmu, ka ce tsaro. Ban ce ƙarya kake yi ba, aikinka ne, kai kake haɗa wa manyan ofisoshi irinta. Amma gidan Inna ba ofis ba ne, kuma babban sirrin da ke wayata shi ne wa ke son buhu wa ke son rabi. Ka canza lambar, ba ka tsaya nan ba ka saita ta yadda ko mutum ya san lambar ba zai hau ba sai ka yarda da wayarsa daga Fatakwal. Wayar Inna da tawa kawai ka bari. Mutane suka yi ta zuwa suna dannawa suna juyawa, Inna tana ba su haƙuri tana cewa ɗan akuyan ne ba shi da lafiya. Da na gaya mata gaskiya ta roƙe ka da bakinta, ina zaune, ka ce mata ita ba ta gane irin waɗannan abubuwa ba. Ta ce to. Ta ci gaba da sawa a shimfiɗa mata babbar tabarma kowace safiya, tana zama ita kaɗai a gefe guda, har dai wata rana ta ce in naɗe in kawo ƙaramar.

Bayan ka kore mata mutane sai ka aiko da kyamara aka liƙa a ɗakinta, wai don ka riƙa ganin lafiyarta. Lafiyarta ka riƙa gani ko ni ka riƙa gadi? Kunu ya yi latti, ka kira. Ban saki gidan sauro ba, ka kira. Na fita duba tukunyar shinkafa, ka kira ka ce na bar ta ita kaɗai. Ni da nake ɗaga ta, in kwantar, in wanke, in share, kai da kake kallo daga kan kujera da sanyin fanka, kai ne mai gyara mini aiki. Na haɗiye duk wannan. Abin da ban haɗiye ba shi ne ranar da na yafa wa kyamarar ɗankwali zan yi mata wanka, ka kira ka ce me nake ɓoyewa. Na ce maka tsiraicin uwarka nake ɓoyewa, in kana son gani in yaye. Ka ce na ci maka mutunci Safina tana ji. Kafin la'asar ka toshe wayata daga rautar.

A lokacin wayar Inna ta riga ta faɗa ruwa, tun shigowar ambaliya tsakar gida, kuma ka sani. Wato a duk gidan nan ba abin da ke kan rautarka sai kyamara. Kana ganinmu, mu ba ma jinka. Na aika Attahiru ya hau tudu ya kira ka, ka ce sai na ba ka haƙuri tukuna. Ni, Tasallah, da na goya ka har bayana ya yi kanta, in ba ka haƙuri don na suturta mahaifiyarmu? Na ƙi, kuma ko yau aka maimaita zan ƙi. Inna ta yi ta tambaya me ya sa ba ta jin muryar Autanta. Kada ka ɗauka na rufa maka asiri na ce sabis ne. Na gaya mata yadda aka yi tiryan-tiryan. Ta daɗe tana kallon kyamarar nan, sannan ta ce in juya ta ta ba kyamarar baya, ta fuskanci bango.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, na gama ba ta kunu ke nan numfashinta ya canza. Na ƙwala wa Dela kira, ta tura mijinta da kwalekwale ya ɗauko Namadi malamin asibiti, don hanya duk tana ƙarƙashin ruwa. Ni kuma na tsaya gaban kyamararka ina ɗaga hannuwa biyu, ina nuna gado, ina tsalle kamar mahaukaciya, ko Allah zai sa ka duba. Wannan ma yana cikin hoton da kake maimaitawa, amma Attahiru ya ce ba ka taɓa tambayarsa wannan wurin ba. Sai Inna ta ce in kawo waya za ta yi magana da kai. Na ce mata ba zai tafi ba. Ta ce in ɗauki muryarta haka nan, in ka huce ka buɗe zai iso maka. Na danna, na sa mata a hannu. Ta fara da kiran sunan da take kiranka. Ta yi magana mai tsawo, tana yi tana hutawa, ba ta rikice ba, ba ta maimaita ba, ta san abin da take faɗa sarai. Da ta gama ta miƙo mini wayar ta ce in ba ta ruwa. Kafin Namadi ya iso ta cika da kalmar shahada a kan cinyata. Shi da kansa ya ce ko yana ɗakin ba abin da zai iya, saboda haka kada ka je kana cewa na ɗora maka mutuwarta. Kwananta ne ya ƙare, ban ɗora maka abin da ba naka ba.

Saƙon ya tsaya a wayata da 'yar alamar agogo a gefensa, yana jiran hanya. Da aka fara shirin wanka, Kawu ya ce a ba Attahiru wayata ya hau tudu ya sanar da dangi, tunda lambobin kowa suna ciki. Na ɗauko zan miƙa masa sai na tuna cewa yana hawa tudun nan sabis zai kama, saƙon ya tafi da kansa, ka same shi kana zaune, ba ka jiƙa ko tafin ƙafa ba, kamar yadda ka saba samun komai na gidan nan. Na ce wa Attahiru ya ɗan jira. Na koma ɗaki, na zauna kusa da ita, na sa wayar a kunne na saurara daga farko har ƙarshe. Sannan na goge shi. Ba cikin ruɗewa na yi ba, kada wani ya nema mini uzuri. Washegari na ga ka buɗe wayata, daga baya ma ka buɗe wa kowa da kowa. An gode, sai dai ba mai zuwa, wadda suke zama dominta ba ta nan.

Na san za ka bi mutane da tambaya, to bari in rage maka wahala. Dela tana bakin ruwa tana hangen kwalekwale, Kawu bai iso ba, Amatullahi tana makaranta. Daga ni sai Inna sai kyamararka kurma. Kawu ya kira ni ya yi mini wa'azi, ya ce amana ce na ci, in ji tsoron Allah in faɗa maka ko da baki. Gaskiya ya faɗa, amana ce, kuma ni zan tsaya in amsa a gaban Ubangijina, ba kai ba. Attahiru ya ce ka ce mai ilimin waya zai iya dawo da abin da aka goge. Na yi tunanin haka kafin kai. Wayar na ba wani Badanden da ke sayen shinkafata a musayar wata wayar, bayan an wanke ta tas, yanzu tana can cikin Benin a hannun wanda ban ko san ƙauyensu ba.

Saboda haka ga amsarka, Zayyanu. Ka ga inda ta ɗaga yatsa, ka ga inda ta share ido da bakin zane, ka ga inda ta yi kamar murmushi. Ka fassara yadda ranka ya ba ka. Wataƙila ta yafe maka duniya da lahira, ta sa maka albarkar da za ta bi ka har jikoki. Wataƙila kuma ba haka ta ce ba. Na haddace shi kalma da kalma, ina jinsa a kunnena ina tuƙa tuwo, ina jinsa ina salla. Ko ka zo Kaoje da rarrafe ba zan faɗa maka ba, kuma ba zan bar wa kowa wasiyyarsa ba. Ina sonka, ƙanena ne kai, ciki ɗaya muka fito, in ka zo zan dafa maka kifin da kake so in shimfiɗa maka a ɗakinta. Amma wannan magana da ita za a binne ni.

Ka gaishe mini da Safina da kyau, ka ce ina yi mata ban gajiyar ta'aziyyar da ta aiko. Ka shafa mini kan Mudassiru da Sakinatu, Allah ya raya su, ya sa su ji ƙanka yadda ka ji ƙan taka uwar. Kawu Ɗanmaliki yana gaishe ka, haka Attahiru, da Dela da maigidanta. Amatullahi ta ce a gaida Kawunta. Allah ya tsare, ya ba ka lafiya da nisan kwana mai yawa.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Tasallah.