Sun Soke Sujadar Hausa

Kawu Bitrus,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Rifkatu da yara. Ya zaman Legas?

Fada, limamin cocinmu, ya damƙa wa majalisar ikkilisiya tsara lokutan sujada, sai manyan unguwar GRA suka kaɗa ƙuri'a suka soke ta Hausa, suka bar ta Turanci kaɗai. Wannan danniya ce tsagwaronta! Na miƙe na ce, "Ranku ya daɗe, manoman ƙauyen Miri da ba sa jin Turanci fa?" Shugaban ya ce, "Zauna, mai digiri." Fada kuwa wai ba zai ƙwace ikon da ya bayar ba.

Ran Lahadi Kaka ta zauna har aka tashi, "Amin" kaɗai ta gane.

Na rubuta musu ƙorafi shafi shida. Ka taya mu da addu'a, ka gaida kowa.

Ɗanka,
Ishaya