Sunan Nicanor

Batey Santa Clara, San Pedro
9 ga Afrilu, 1998

Yaya Eladio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya hannun jifa? Ya sanyin Amurka? Mama ta sa maka albarka. Yaya Yuderka ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka a hoton da ka aiko ka rame kamar raken da aka tsotse.

Wancan karon da na kai wasiƙar da na rubuta maka gidan waya, matar da ke aiki a wurin ta ga sunan Nicanor a kan ambulan ta dube ni, ta ce, “Kai da kanka kake rubuta wa kanka?” Na ce mata a'a, ni Eladio ne, ƙanena Nicanor nake rubuta wa. A gabanta aka yi mini baftisma, ka sani, amma ta buga hatimi kawai. Duk garin nan haka suke, kowa ya sani, ba mai faɗa.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Shekara biyar ke nan tun ranar da Papo dillalin 'yan wasa ya zauna a bencinmu ya ce wa Mama Turawan besbol ba sa ɗaukar ɗan shekara sha tara komai ƙarfin jifansa, ɗan sha shida suke so. Ya ce, “Ku ara masa takardar haihuwar ƙaramin, shekara biyu kawai, ya shiga ya kafu.” Na ba ka tawa na karɓi taka, ban taɓa yi maka gori ba. Da sunanka nake aiki a injin rake, da sunanka na yi zaɓe, har tarar babur da sunanka aka ci ni, sai ka dawo ka ji kunya.

Amma yanzu Belkis tana da ciki. Kada ka buɗe baki, aure za mu yi, an riga an kai gaisuwa gidansu. A watan Satumba za ta sauka. Yaya, ba na so in je ofishin rajista in ce uban yaron nan Eladio ne. Ɗana ne, ina so a rubuta sunana a takardarsa. Ba na neman komai a wajenka, ko takalmin nan da ka yi mini alkawari na yafe. Sunana kawai, ka gaya mini yaushe.

Ka riƙa cin abinci, don Allah. In babu mangú a can ka dafa ayaba ka kirɓa da kwalba, ba wuya.

Ƙanenka,
Nicanor na ainihi

Ohio
3 ga Mayu, 1998

Nico,

Na sami wasiƙarka, na gode. Ka roƙa mini albarkar Mama, ka gaida Yaya Yuderka, ka yi wa Belkis barka. Na yi murna ƙwarai, ko da yake ban san abin da ta gani a jikin mutum mai kunnuwa irin naka ba.

Maganarka gaskiya ce, ba ni da abin musu. Amma ka saurare ni. Mataki ɗaya ya rage tsakanina da babban kulob. Shekara biyar ina kwana a kujerar bas daga wannan ƙauye zuwa wancan, ina jifa a gaban mutum ɗari uku da karnukansu. Bana hannuna ya zauna. Wasa huɗu na yi, ba wanda ya ci ni. Koci ya kira ni gefe ya ce a watan Satumba, lokacin da babban kulob ke ƙara 'yan wasa, sunana na cikin waɗanda ake dubawa. Ya ce abin da ya fi burge su shi ne yaro ɗan ashirin da ɗaya yana jifa da hankalin manya. Na sunkuyar da kai na ce na gode.

In na faɗi gaskiya yau, gobe ina cikin jirgi, kuma ba kulob ɗin da zai sake duba ni. Ka bari in taka wannan filin ko da sau ɗaya ne. Wanda ya riga ya shiga, in ya yi laifi dakatar da shi ake yi, wanda bai shiga ba kuwa mantawa da shi ake yi. Ka yi mini haƙuri zuwa ƙarshen kakar wasa. Da an rufe wasa zan zo gida mu je gaban alƙali tare, kowa ya karɓi nasa. Na yi maka alkawari.

Takalmin ma zan kawo.

Yayanka,
Eladio

Batey Santa Clara
6 ga Yuli, 1998

Eladio,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini, ba don zuciyata na so ba.

Ka ji labarin ta wayar shagon Don Chencho, amma mutane na tsaye a kaina, ban iya faɗa maka komai ba sai cewa Nico ya rasu. Yanzu zan faɗa, ka karanta har ƙarshe.

Ranar Talata ce da hantsi, saura kwana huɗu a rufe yankan rake. Yana haɗa taragu biyu, na baya ya gangaro. Abokan aikinsa sun ce bai sha wahala ba, ban sani ba ko don su sanyaya mini rai ne. Kafin mu isa, akawu ya riga ya ciro katin aiki daga aljihunsa ya cike takardar mutuwa. Eladio Cedano, shekara ashirin da huɗu. Na ce masa wannan ba sunansa ba ne. Ya ce, “Doña, abin da ke kan kati shi nake rubutawa.”

Da yamma sai ga Papo, da hularsa a hannu, wai ya zo ta'aziyya. Ko ruwan kofi bai kurɓa ba ya ja ni bayan ɗaki ya ce kada mu kuskura mu sa sunan Nicanor a kan gicciyen kabari. Wai in aka kira ka babban kulob 'yan jarida za su zo ɗaukar hoton gida, kuma akwai dillalan da ke jiran ya yi tuntuɓe. Na ce ya fita daga gidan ubana kafin in ɗauko adda. Ya fita. Amma Mama ta ji komai, ta ce, “A rubuta yadda ya ce. Na rasa ɗaya, ba zan kashe wa ɗayan rayuwa ba.”

Ni na riƙe gwangwanin fenti kafinta ya rubuta. Sunanka ne a kan kabarin ƙanenka, Eladio, da ranar haihuwarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne addu'ar kwana tara. Ka san Doña Fefa mai jan addu'a, sai ta kira sunan mamaci sau uku ta sallame shi ya bar gidan. Ta matso ta raɗa wa Mama, “Wanne zan kira?” Ɗakin cike da mutane, har da wasu baƙin fuskoki daga cikin gari. Mama ta dubi kyandir ta ce, “Ki ce ɗana, ɗan Dominga. Allah ya san wanne ne.” Haka aka sallami Nico, ba suna. Belkis ta tashi da cikinta ta fita waje, ba ta dawo ba har aka watse.

Ba ka zo ba. Na san dalilinka, ba sai ka maimaita ba. Wata uku da suka wuce yaron nan ya roƙe ka abu ɗaya, ka ce ya jira kaka. Ina jin haushinka, ina jin haushin Mama, ina jin haushin kaina da na riƙe gwangwanin.

Yayarka,
Yuderka

Ohio
14 ga Satumba, 1998

Yaya Yuderka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ki roƙa mini albarkar Mama, in har tana iya ba ni.

Na daɗe ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Duk abin da kika faɗa na karɓa.

Ranar da kika kira, na gaya wa koci an yi mini rasuwa. Ya tambaye ni sunan mamacin, bakina ya ce Eladio. Kafin a fara wasa ya tara mu a fili, kowa ya cire hula, aka yi shiru na minti ɗaya don Eladio Cedano. Ina tsaye a tsakiyarsu ana dafa mini kafaɗa. Wani ɗan Venezuela ya ce, “Yaya halinsa yake, yayan naka?” Na ce matsoraci ne. Ya ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mini kai.

An kira ni babban kulob ranar ɗaya ga wata. Na zauna kwana goma a benci, sai ranar Juma'a a zagaye na takwas aka ce in fito. Yaya, ban taɓa ganin mutane masu yawa haka ba, sun fi dubu arba'in. Ina tafiya zuwa tudun jifa sai lasifika ta cika filin da “Nicanor Cedano”, ga shi kuma a kan allo da haruffa masu tsawon gidanmu. Na tsaya cak a tsakiyar fili. Mai tare mini ƙwallo ya zo ya ce, “Tsoro ne, kowa ya yi shi.” Na bar shi a haka.

Mutum uku na fuskanta, na fitar da su ukun. Na ƙarshe babban ɗan wasa ne wanda ni da Nico muke yanko hotonsa daga jarida, sau uku yana kai sanda yana bugun iska. Aka tashi tsaye ana tafi. Abin da na yi shekara goma sha biyar ina mafarki ke nan, tun muna buga murfin kwalba da sandar tsintsiya a bayan injin. Ban ji daɗin komai ba. An ba ni ƙwallon in ajiye, an rubuta sunan Nico da kwanan wata a jiki.

Na gaji. Da an rufe wasa ƙarshen watan nan zan shiga ofis in faɗa musu ko ni wane ne. Su kore ni, su hana ni shiga ƙasar, duk ɗaya ne. Zan zo in kankare gicciyen nan da hannuna in rubuta sunansa. Na makara, amma shi ne abin da ya rage da zan iya yi masa.

Ƙanenki,
Eladio

Batey Santa Clara
23 ga Satumba, 1998

Eladio, ƙanena,

Gaisuwa. Mama ta sa maka albarka, da bakinta ta faɗa, ban ƙara komai ba. Na ba wa matar Don Chencho wannan wasiƙa ta aika maka daga New York tunda can za ta jibi, don dole ta riske ka kafin ka shiga ofishin nan.

Mun ji wasan. Rabin gari ya taru a shagon, an ɗora rediyo a kan buhun shinkafa. Da mai sharhi ya kira sunan, ba wanda ya yi tafi. Mama ta ce a ƙara murya. Ta zauna ta saurara har ka fitar da na ukun, sannan ta ce, “Yau dai an kira shi,” ta tashi ta tafi gida.

Belkis ta sauka ranar sha bakwai, mace, lafiya lau. Kunnuwan ubanta ta kwaso, Allah sarki. An sa mata Nicaury.

Jiya na raka Belkis ofishin rajista. Matar da ke wurin 'yar ajinmu ce, na rufe ƙofa na gaya mata komai. Ta ce, “Yuderka, ba su yi aure ba, mamaci kuma ba ya sa hannu. In kuka kai maganar takardun nan kotu, sai yarinyar ta shiga makaranta ba a gama ba, kuma wurin sunan uba zai zauna fari fat. Amma a littafina Nicanor Cedano yana da rai. In ya zo da katinsa ya ce 'yarsa ce, minti goma ne.”

Ka gane ko? Ni da na zage ka a kan sunan nan, yau ni ce nake ce maka kada ka mayar. In ka faɗi gaskiya, kai za ka sami sauƙi a ranka, gicciye zai gyaru, yarinyar kuma ta tashi ba uba a takarda. Abin da Nico ya roƙa ba gicciye ba ne, sunansa a takardar 'yarsa ya roƙa. Kai kaɗai ne a duniya za ka iya rubuta shi. Kuma in ka rubuta, ka sani babu komawa, don ranar da ka ce kai Eladio ne, ranar takardarta ta zama ƙarya.

Na tambayi Belkis, ta yi kuka ta ce ta yarda. Na tambayi Mama, ta ce kai za a tambaya, tunda kai za a bari a kabarin.

Ba na jin daɗin rubuta maka wannan, wallahi. Na so a ce ka dawo mini da sunan da na saba kiran ka da shi tun ina goya ka. Ka yi tunani, ka ba ni amsa.

Yayarka,
Yuderka

Ohio
29 ga Satumba, 1998

Yaya Yuderka,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama da Belkis da jaririya.

Ban shiga ofishin ba. Jirgina zai sauka ranar takwas ga Oktoba da rana. Ki gaya wa ƙawarki za mu zo ranar tara da safe, da katina. Gicciyen ku bar shi yadda yake.

Abu ɗaya nake roƙo. In na shigo gida, kafin maƙwabta su taru, ki ce wa Mama ta kira ni Eladio sau ɗaya. Daga nan ba zan sake nema ba.

Ƙanenki,
Nicanor Cedano