Bencin Baya

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina lafiya, ke da yara.

Dishewar muryar nan da na ce miki mura ce, ba mura ba ce. Likita ya duba maƙogwarona ya ga ƙari. Za a yi min aiki ran sha biyu ga wata, kuma ya ce ba zai yi min alkawarin muryar za ta dawo ba.

Lahadi uku ke nan ban taka coci ba. Shekara tara ina jagorantar mawaƙa, yanzu in je in tsaya kamar gunki? Na wanke labule, na sake wankewa. A aji sai nuni da hannu nake yi, ɗalibai suna kallona. In na durƙusa zan yi addu'a, sai in tsinci kaina ina ƙirga kwanaki. Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta hana ni zaune ta hana ni tsaye. Amma ke da bakinki bai huta ba tun kina goye, ashe akwai ranar da kunnuwanmu za su sarara.

Ki je coci. Wa ya ce miki sai mai murya ake buɗe wa ƙofa? Da baban yara ya rasu, wata huɗu na yi a bencin baya, ko amin ban iya cewa. Ban taɓa gaya miki ba. Mama kuwa, daga bakinki za ta ji.

Allah ya riƙe ki,
Yayarki

Yaya,

Barka da war haka. Na je. Sau biyu ina ɗaukar jakata zan fita. Kin san wa na tarar a bencin baya? Tsohuwar telar nan da na cire daga mawaƙa bara, don muryarta ba ta bin ta kowa.

Aka ɗauki waƙa, na buɗe baki, sai iska. Ta kama hannuna ta ce, "Malama, bar shi. Yau ni zan yi mana mu biyu."

Yaya, muryarta tana nan a karkace yadda na san ta. Na yi kuka har gyalena ya jiƙe. Da fasto ya ce kowa ya faɗa wa Ubangiji abin da ke ransa, abu ɗaya na iya cewa: ina jin tsoro. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya daina jan ragamata. Daga can gidan Mama na wuce.

Taki,
Auta

Yaya,

Gobe da safe ne. Na haɗa kayana, zuciyata a kwance take. Telar ta ce ita za ta raka ni. An ce bayan aikin sati biyu ba magana, kafin a san abin da ake ciki. Ki taho min da biro da littafin rubutu mai kauri.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke,
Auta