Oba-obar da Baba Ya Bari

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni, da fatan rana ba ta ƙone ka a kan ƙarfen sabis ba. Abin dariya, kai ne mai kafa wa mutane sabis, amma kai ba a samun ka sai ta hannun direban kamfaninku. Ni kam hakan ya yi mini. Ka san bakina da nauyi, biro ya fi ni baki.

Yaya, maganar Umma ce. Ka tuna oba-obar da abokan aikin Baba suka kawo mana bayan ya faɗa ruwa a wurin aikin gada, wadda suka ce 'yar'uwarta na aljihunsa? Wata biyar tana cikin durowa. Makon jiya Umma ta ciro ta, ta sa mata caji. Yanzu kullum ƙarfe huɗu, lokacin tashinsu daga aiki, sai ta ja kujera bakin taga, ta danne maɓallin gefen, ta yi ta ba shi labari: famfo na ɗiga, Auta ta ƙona tukunya garin karatu, ɗanka bai turo saƙo ba. Ba ta sakin maɓallin sai ta kashe na'urar gaba ɗaya.

Da fari har burge ni abin ya yi. A littattafan da nake karantawa, masoya kan yi wa wata da taurari magana, sai na ce ashe a gidanmu ma akwai irinsu. Amma ta rame, Yaya. Ta daina fita. Jiya na ɓoye na'urar a bayan buhun gawayi, ban ankara ba na hango ta a bakin titi da takalmi wari-wari. Da na riƙo ta sai ta ce, "Tunda an ɗauke, bari in je gadar in faɗa masa da bakina." Da gudu na koma na ɗauko mata.

Ka gaya mini abin yi. Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta sarkin kunya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma ga har yanzu ba ki daina sa wata da taurari a kowace magana ba. Ina lafiya, na dai yi baƙi kamar gindin tukunyar da kika ƙona.

Kwantar da hankalinki, in koya miki abin da nake ci da shi. Magana a iska iri uku ce. Akwai ta rediyo, shi ya faɗa ke ki ji, ko kin zage shi bai sani ba. Akwai ta waya, kowa na faɗa kowa na ji lokaci guda, kamar faɗan maƙwabta. Ta tsakiya ita ce oba-oba: hanya ɗaya ce, bi da bi ake yi. Muddin yatsa na kan maɓalli, 'yar jar fitila na ci, ke ce mai magana, kunnen na'urar a toshe yake. Sai kin saki take iya ji. In wani ya yi magana daga can, fitilar ta koma kore.

Umma ba ta san wannan ba. Tunda ba ta taɓa saki ba, ba ta taɓa jin shirun ba, shi ya sa take ganin kamar ana sauraren ta. Ki lallaɓa ta, ki ce mata mai son amsa sai ya ce "oba" ya ɗaga yatsa. Za ta ji ba kowa. Za ta yi kuka, amma kukan magani ne. Irin wannan na'urar ko kilomita biyar ba ta kaiwa, gadar kuwa tafiyar awa biyu ce, ballantana wadda ta yi wata biyar a ƙarƙashin ruwa. Baba ya riga mu gidan gaskiya, addu'a ce kawai ke isa gare shi.

Ki gaishe ta. Saura mako uku mu gama.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Na yi yadda ka ce. Ranar Talata na durƙusa gaban Umma na yi mata bayani. Ta dube ni ta ce, "Au, ashe ni ce na hana shi magana duk kwanakin nan?" Ta ce "oba" a hankali, kamar mai jin kunyar suruki, ta ɗaga yatsa.

Shiru. Har na fara hamdala. Sai fitilar ta koma kore.

Ba murya aka fara ji ba. Wani sauti ne kamar an tsoma tulu a rijiya yana cika. Ya daɗe. Can sai aka yi gyaran murya sau biyu, irin wanda Baba ke yi a ƙofa kafin ya yi sallama. Umma kuwa gyara ɗankwali ta yi, tana murmushi.

Laraba na ji kalma ɗaya. "Taho." Alhamis aka maimaita ta sau uku, tun ƙarfe biyu. Na murɗa zuwa wani layin yadda na ga kana yi, koren ya biyo ni. Yanzu Umma ta daina ba da labari. Zama take da mayafi a kafaɗa, takalmi a gabanta, tana cewa, "Bari ya gama, ya faɗi inda zan same shi."

Na san matattu ba sa magana, Yaya. To wane ne ya iya gyaran muryar Baba?

Auta

*

Auta,

Ina rubutu a kan gwiwata, direba na jira. Laifina ne. Wataƙila masu gadi ne a wani wuri suka hau layinku, haka nake gaya wa kaina. Kada ki jefar da ita, kada ki cire batir, kin ga abin da Umma ta yi da ta rasa ta. Ki bar ta a jikin caji, ki danne maɓallin, ki ɗaure da kyauro. Muddin ja na ci, ba abin da zai shigo. Ki kira maƙwabciyarmu mai ɗinki ta zauna da ku. Na nemi izini, motar Asabar zan biyo. Allah ya tsare ku.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama. Kyauro uku na ɗaura, duka sun tsinke. Yanzu da hannuna nake riƙe, na hagu, tun jiya da azahar.

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ci abinci ma, ta cire mayafin. Tana zaune gabana tana kallon yatsana. Jefi-jefi takan ce, "Auta, 'yar albarka, ba kyau katse babba. Ɗaga kaɗan."

Mai ɗinki ta karɓe ni sau biyu na yi salla. A na biyun ta miƙo mini, ta goge hannunta a zani, ta ce ita ba za ta ƙara ba. Ban tambaye ta dalili ba, don ni ma ina ji. Maɓallin turo yatsana yake daga ciki.

Yau Alhamis ta sake zagayowa. Kada ka jira Asabar.

Ƙanwarka,
Auta