Hotunan Kamun Murja

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau na ɗauki alkawarin da ban san yadda zan cika shi ba.

Hajiya Asibi ta Moriki ce ta kira ni. Za ta aurar da autarta Murja, tana so in ɗauki hotunan lalle da kamu a cikin gida, inda mata ke yar da gyale da ɗankwali su yi rawarsu. Tun bara da hotunan wani biki suka fita suka yi ta yawo a wayoyin samari, gidaje da yawa sun hana kyamara shiga. Ba ni na ɗauki waɗancan ba, amma kasuwata ta mutu tare da ta kowa.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce kina da amana. To in kin ɗauka, wa ka gyara miki su?"

Gaskiya Faruku ke gyara mini, a shagonsa na kusa da kwalejin fasaha nan Ƙaura. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ni zan gyara da hannuna, Hajiya."

"To. Idon namiji ba shi ganinsu. Ko guda."

Na ce in Allah ya yarda. Ba ni da kwamfuta.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na gaya wa Baban Kulsumu da ya dawo da keke napep ɗinsa cin abincin rana. Ya ajiye cokali ya dube ni. Ya ce, "Ko ni mijinki?" Na ce ko kai. Ya yi dariya har ya ƙware. Bai ce a'a ba, shi ke nan abin da nake nema.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na gwada gyara hoton kyamara a waya. Ta yi zafi kamar dutsen guga, ta tsaya cak. Wannan hanya babu ita.

Kwasar adashina ce wannan makon. Da kujeru na yi niyya. Kujeru su jira.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na je wurin Hamida, ƙawata da ta karanta kwamfuta a kwalejin. Gyara na iya, don na daɗe ina tsaye a bayan Faruku ina kallo, wani lokacin ma ni ke karɓar linzamin kwamfutar in ya fita salla. Zaɓen na'urar ne ban sani ba.

Ta ce kar in kalli kyau. In tambayi RAM, kar ta gaza takwas, in ba haka ba hoto ɗaya zai sa ta yi ta tunani. In tambayi ma'ajiya, a ce SSD ce. Allon kuma in leƙa shi ta gefe, in launi ya juye in bar musu kayansu. Sai ta ƙara da cewa in samu wadda ake kwance gindinta da sukudireba, don a iya ƙara mata ƙarfi gaba.

Na yi ta maimaitawa a hanya kamar mai hadda.

Talata, 12 ga Nuwamba

Shagon Malam Labbo, cikin kasuwa. Yana sayarwa, yana gyara. Ya ciro wata sabuwa fil a kwali, siririya, ruwan azurfa. Wallahi zuciyata ta tafi. Na hango kaina na shiga gidan biki da ita a hammata. Kuma kuɗina sun kai.

Na ce RAM nawa? Ya ce huɗu, amma ai sabuwa ce. Na ce a gwada.

Ya miƙo hannu, "Kawo memorinki mu sa."

Na ce a'a. Akwai hotunan matan mutane a ciki. Dama na shirya: jiya na sa an yi mini lalle a hannu, na ɗauki hoton hannun a kan atamfata, na zuba shi shi kaɗai a filashi. Da hoton ya buɗe, bayan na kusa yin furfura da jira, sai na ɗora hannuna a gefen allon. Lallen da ke hannuna ja ne mai duhu. Na allon kamar an zuba manja. Fatata kuma ta koma toka-toka. Na leƙa ta gefe, sai na ga hannun aljana.

Mazan da ke zaune a benci suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Mi taka yi haka? Duba taka yi ma injin?" Na ce e, kuma bai da lafiya.

Labbo bai ji daɗi ba. Sauran na hannu da ya nuna mini, masu kyan allo sun fi ƙarfina, waɗanda na iya saya kuma batirinsu ya mutu. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa, me zan yi da wadda sai an jona?

Na dawo hannu biyu. Raina a ɓace, amma ban karaya ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Shinkafi. Hamida ta ce mijin yayarta na son rabuwa da tasa kwamfutar, ya yi aiki da ita a wata ƙungiya. Muka bi motar 'yan kasuwa da hantsi, don ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan.

Da ya fito da ita na kusa cewa a bar shi. Baƙa, mai kauri, nauyi kamar turmi. Maɓalli ɗaya ya ɓalle, kusurwa ɗaya a fashe an liƙe da salatif. Amma RAM takwas ce, SSD ce, kuma gindinta duk sukurori. Na sa filashi. Kafin in gyara zama hoto ya buɗe. Na ɗora hannu. Lallen nan da na allo kamar uwa ɗaya ta haife su. Na leƙa ta dama, na leƙa ta hagu, bai juye ba.

Muka cire caja muka ci abinci, muka yi azahar, tana nan a kunne.

Na saya. Har da ɗan canji na ƙara sayen linzami. A mota na rungume ta a cikin hijabi kamar jaririya, ina jin haushin muninta.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Baban Kulsumu ya ɗaga ta ya ce, "Wagga ko ɓarawo ya gani ya bar miki." Ya ce in na gaji da ita zai sa ta waigi a tayar keke.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Hamida ta sa mini manhajar gyara. Kwana biyu ina koyo da hotunan Kulsumu da na akuyar maƙwabta. Na gano Faruku yana cika haske har fuska ta rasa hanci. Ni ba zan yi haka ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na dawo daga Moriki, ƙafafuna ba nawa ba.

Da farko matan sun noƙe. Duk inda na juya kyamara sai a ja gyale. Sai Hajiya Asibi ta miƙe a tsakar gida ta ce, "Ku saki jikinku. Wagga ɗiya ta yi mini alkawari, ni na tsaya mata." Ta tuɓe ɗankwalinta ta jefa kan tabarma. Kai fari fat, an yi masa kitso ƙanana. Aka buga ƙwarya, ta ja Murja tsakiya.

Daga nan ban san sadda rana ta faɗi ba. Tsofaffi da ban taɓa zaton suna da haƙora ba suna ta dariya. Murja ta yi kuka, ta yi rawa, ta sake kuka. Na cika memori.

Ranar Talata ta sama in kai musu, kafin 'yan'uwan da suka zo daga nesa su watse.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na kwashe komai a kwamfuta. An kira ni suna a unguwarmu, memori ɗaya gare ni, na goge shi na je na ɗauka. Aiki ya fara dawowa ke nan.

Baban Kulsumu yanzu sai ya yi sallama sau biyu kafin ya shigo ɗakinsa. In na ce ina aiki, sai ya ja tabarma ya zauna a ƙofa ya ba ni baya. Abin dariya, abin tausayi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ta mutu.

Na jona kwamfutar a janaretan maƙwabta, na ji ɗan ƙauri, allo ya yi baƙi. Na danna, na danna. Hotunan Murja duk suna ciki, kuma babu su a ko'ina a duniya sai nan. Ni da hannuna na goge memorin.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Kowa bakinsa ɗaya: kai wa Labbo. Baban Kulsumu ya ce mutumin kirki ne, ba zai buɗe ba. Wataƙila. Amma in ya gyara dole ya kunna ya gani ko ta tashi, kuma hoton da na bari a buɗe na Murja ne, ba ko ɗankwali. Ga benci cike da 'yan zaman kashe wando. Ban ce wa Hajiya idon namijin banza ba. Idon namiji ta ce, na amsa.

Na kira Hamida, tana Gusau wurin aiki. Ta ce, "Hotunan ba a cikin injin duka suke ba, suna cikin ma'ajiya. Cire ta, ki kai mishi gangar jikin."

Na ce ni? Ni da ko fitila ban taɓa kwancewa ba?

Ta ce to zauna.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na yi.

Da safe na karɓi ƙaramin sukudireba a akwatin kayan keken Baban Kulsumu. Na shimfiɗa farin zane, na kifa ta, na yi bisimilla. Hamida a waya tana cewa cire batir tukuna. Sukurorin na zuba su a murfin kwano don kar su ɓace. Ɗaya ya ƙi, na yi ta fama har tafina ya yi ja. Murfin ya ɗaga. Ashe abin da nake ta tsoro ɗan falle ne, bai kai tsawon yatsana biyu ba. Duk rawar Moriki tana cikinsa.

Na zare shi a hankali, na naɗe a hankici, na ƙulle a bakin zanena.

Na kai wa Labbo gangar jikin, ya juya ta, ya ga ramin, ya dube ni. "Malama, wa ya hidda wanga?" Na ce ni. Ya ce, "Ba ki yarda da ni ba ke nan." Na ce, Malam Labbo, ba kai ba ne, alkawari ne. Ya jawo ta ya duba cikinta. Sannan ya ce wani abu ne ya ƙone a bakin caja, in dawo Lahadi, kuma in daina jona ta a janaretan da ba a san halinsa ba.

Su 'yan benci, yau ba wanda ya yi dariya. Ko sun yi ban ji ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Na karɓo. Na mayar da ɗan fallen da kaina, na ɗaure sukurori, ɗaya ya yi saura ban san na ina ba ne. Na danna.

Ta tashi. Suna nan, duka. Na yi sujada a kan siminti.

Tun hantsi nake gyara, wuyana ya ƙage. Akwai hoto guda ɗaya. Hajiya Asibi ta riƙe fuskar Murja da hannu biyu, furfurarta a rana, su biyun suna dariya da hawaye. Ban taɓa ɗaukar irinsa ba, ban sani ba ko zan ƙara. Ko taɓa shi ban yi ba, bai bukata.

Wannan zan ajiye wa kaina. Guda ɗaya tak. Ba don kowa ba. Ko dai wata rana in nuna wa Baban Kulsumu, ya san abin da ya zauna a ƙofa dominsa. Mutum ya yi aiki irin wannan a ce ba shi da shaida?

Talata, 3 ga Disamba

Moriki. Aka rufe ƙofar ɗakin Hajiya, mata suka cika shi har kan gado. Na buɗe baƙar tawa a tsakiya, ba wadda ta kalli salatif ɗin. Ihu, guɗa, wannan na cewa ashe haka nake, waccan na cewa a koma baya. Sai muka zo kan wancan hoton. Hajiya ta sa bakin gyale ta share ido. Ta ce, "Ke ɗiyar nan." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na zuba musu a filashi biyu, ɗaya nata, ɗaya na Murja. Mata uku sun karɓi lambata.

Hajiya ba ta ce in goge ba. Ko tambaya ba ta yi ba, ta ɗauka an gama magana tun ranar farko. Ina naɗe caja na tuna yadda ta jefar da ɗankwalin nan a tsakar gida. Sai na sake buɗewa, na goge jakar duka, na bi ta kwandon shara na goge. Da wancan hoton a ciki. Na ɗan tsaya a kansa, ba daɗewa.

Baban Kulsumu ya tare ni a tasha. Ya karɓi jakar ya ce, "Yaya, sun yi kyau?"

Na ce sun yi.

Ya ce, "To madalla," ya tayar da keke.

Na zaci zan ji ciwo fiye da haka. Gobe in nemi memori na biyu.