Kwana Biyun da Na Yi Shiru

Daga Doguwa, zuwa ga 'yata a Bebeji.

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri na dame ki da takarda, ga ki da nauyin jiki. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Uzairu da mutanen gida. Mu nan sai godiya. Masara ta yi goyo, babanki yana gaishe ki.

Ƙanwarki Rufaida ta ce mini cikinki ya shiga wata bakwai, kuma wannan karon ba za ki zo gida haihuwa ba. Ban ga laifinki ba.

Akwai maganar da take cina tun shekarar korona. Kin zo goyon ciki, aka rufe hanyoyi, masu awo suka daina zuwa. Ran wata Talata da hantsi ina tankaɗe, kika tsaya bakin ƙofa kika ce tun jiya ba ki ji motsi ba. Na ji ki sarai. Amma ke ce 'yar fari, wadda ban taɓa kiran sunanta ba, ga kuma gwaggonki zaune tana kallona. Sai na ce ki sha kunu ki kwanta, barci yake yi. Kwana biyu na yi kafin na tura babanki neman mota. A shingen jami'an tsaro uku muka yi roƙo kafin mu kai asibitin Tudun Wada. Malamar asibiti ta kasa kunne a cikinki, ta daɗe, sannan ta ce ɗan ya riga ya rasu. Namiji ne, gashi cike da kai. Ni na naɗe shi.

Na sani rai na Allah ne, kuma ba ni na rufe hanya ba. Amma kwana biyun nan nawa ne. Na tambayi malaminmu, ya ce in nemi gafarar Allah, sannan in nemi taki.

To, Shamsiyya. Ga shi na rubuta sunanki. Ki yafe mini, Shamsiyya.

Kada ki tsallake awo ko ɗaya. In motsi ya ragu kada ki jira kowa, har ni. In kin yarda, ni zan zo Bebeji in zauna da ke har ki sauka, masu magana su yi ta yi. Na riga na daka yajin jego.

Ki ba ni amsa da wuri, ko ta bakin Rufaida ce. Kuma ki gaya mini ko yau ya motsa.

Allah Ya raba lafiya.

Mahaifiyarki,
Suwaiba