Dokin Ƙofar Gidanmu

Talata, 8 ga Shawwal 1342

An sa ranar auren 'yata Barkisu da Issaka tela, Juma'a ta sama. Yarinyar sai murmushi take, ta ƙona mana tuwo saboda tunaninsa. A nan gidana na Zongo za a yi komai, lalle, wanka, ɗaurin aure. Abokina Kimba, Bazabarme mai shanu a Tafo, can bayan gari, ya ce in kai bikin wajensa, wai akwai fili da iska, gari kuma ba lafiya. Na yi masa dariya. 'Yata ta yi aure a tsakanin shanu, ina da gida?

Alhamis, 10 ga Shawwal

Ɓera matacce a ɗakin ajiya, bayan huhunan goro. Ba mage ce ta kashe shi ba, jikinsa ba rauni. Na ɗauke shi da itace na binne. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 12 ga Shawwal

Wasu ɓerayen kuma yau, har a tsakar gida. Ɗaya na tafiya kamar mashayi, da rana tsaka.

A masallaci ba a zancen komai sai annoba. Wai da zazzaɓi take farawa, sai kaluluwa ta fito a hammata ko a matsematsi, kafin a farga an yi wa mutum sutura. Wai ɓeraye ne ke fara mutuwa. Gidan da masu duba-gari suka samu haka, fitar da mutane suke yi, su yaye rufi, su sa wuta. Wannan gidan ubana ya gina shi da ya zo daga Kano da jakuna. Tsoro nake ji, gaskiya. Duk alwala sai na shafa hammatata.

Lahadi, 13 ga Shawwal

Na gwada yayata Memuna, da yake ita ce uwar biki tun da mahaifiyar Barkisu ta rasu. Na ce, Yaya, da za a kai bikin Tafo fa? Ta ajiye turmin lalle ta dube ni. "Ba zai yiwu ba koraa, ko kaɗan! Amarya daga ƙofar ubanta take fita, ta tsallake dokin ƙofa da ƙafar dama. Ni na tsallake shi na fita, uwarta ta tsallake shi ta shigo. So kake dangin miji su ce a hanya suka tsince ta?"

Dokin ƙofar nan guntun katakon odum ne, itace mai ƙwari, da ubanmu ya kafa a bakin zaure, tsakiyarsa har ta lotsa don taku. Kwanan baya ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Litinin, 14 ga Shawwal

Mumuni maƙwabcina bai fito sallar asuba ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Laraba, 16 ga Shawwal

Mumuni ya rasu. Masu duba-gari ba su bar mu mun wanke shi ba. Allah ya jiƙansa.

Na zauna a zaure ina duban tsakar gida, ina ganin mata cike da ita, da goyo, da tsofaffi a kan tabarma, Barkisu a ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta kwana da kwanaki, a ɗakin da ke manne da na ajiya. In na yi shiru, gida ya tsira, in tara jama'a a kan abin da na binne. In na yi magana, ba gida. Na kasa cin abinci. Barkisu ta ce, "Baba, ko ba ka son auren ne?" Na daka mata tsawa ba laifin komai.

Alhamis, 17 ga Shawwal

Da hantsi Barkisu ta ce kanta na ciwo. Na sa Yaya ta shiga da ita ɗaki ta duba jikinta, ni ina waje ina ta salati, ban san me nake karantawa ba. Ba komai, wai kitso ne aka ja mata da ƙarfi. Amma da Yaya ta fito ta ga fuskata, ta ce, "Kai, me kake ɓoyewa?" Na kai ta bayan ɗakin ajiya na nuna mata inda na binne ɓeran.

Ta zage ni, zagin da rabona da shi tun ina yaro. Sannan ta yi kuka. Duk da haka ta ce, "To ta ina za ta fita?"

Juma'a, 18 ga Shawwal

Ranar da aka sa ke nan, an ɗaga. Na aika Barkisu da Yaya Tafo da kayan jikinsu kawai. Kimba ya ce, "Yoo, ba komai. Barkisu ɗana ne, ya zo gidansa." Hausar Kimba ba ta san mace ba, amma yau ban gyara masa ba.

Na ɗauki sungumi na haƙe dokin ƙofar. Ya shiga ƙasa fiye da zatona. Na tafasa ruwa na kwarara masa, na kankare shi da toka, na shanya a rana. Bayan haka na je da ƙafata na gaya wa masu duba-gari. Mutanen layi na kallona kamar na sayar da uwata.

Lahadi, 20 ga Shawwal

Sun sa wuta. Ban tsaya ba, amma na ga hayaƙin daga hanya, katako a kaina.

Juma'a, 25 ga Shawwal

An ɗaura, a Tafo, ƙarƙashin itacen mangwaro. Mutane kaɗan, shanu na kuka a gefe. Yaya ce da kanta ta zaɓi inda za a kwantar da katakon, a fili, ba bango ba rufi. Wata gwaggon ango ta fara dariya, ta ce ina ƙofar? Yaya ta ce mata, "Ga ta nan, ta ubanta ce paa, tabbas. Duba lotsawar." Barkisu ta zo a lulluɓe, ta tsaya, ta ɗaga ƙafar dama. Na juya ina duban shanun Kimba, don ƙura ta shiga mini ido.

Lahadi, 27 ga Shawwal

Kowa lafiya har yau. Ina jiran a ce an raba wa waɗanda aka ƙona wa gida filaye in koma gari, ba zama zan yi a nan ba. Kimba ya tambaya ko a ɗauke katakon daga gindin mangwaro kada gara ta ci. Na ce a bar shi inda yake, wurin ba laifi, in aka ja bango ta gabas zai yi zaure. Magana ce kawai.

Sai bayan la'asar na tuna yau ban shafa hammatata ba.